Kafin Ki Tura Yaro Karatu Ƙasar Girka

Idan kina da yaro ko yarinya da suka kammala sakandare, ko suka gama digirin farko suna neman ƙari, da wuya a ce hotunan ƙasar Girka ba su taɓa faɗowa cikin wayarki ba. Fararen gidaje a gefen tsauni, teku shuɗi kamar an rine shi da baba, ga dogayen ginshiƙan dutse da suka haura shekara dubu biyu a tsaye. A ƙarƙashin hoton kuma dillalin makarantu ya rubuta cewa karatun Turai ya zo da sauƙi.

Hoton gaskiya ne, sai dai yawanci a watan Yuli ko Agusta ake ɗaukarsa, lokacin da jami'o'in ƙasar suke rufe, baƙi kuma suka cika ko'ina. Shi ɗalibi yana isa ne a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, daidai lokacin da masu yawon buɗe ido ke tattara komatsansu. Abin da za su bar masa shi ne ruwan sama da iska da sanyi, da 'yan ƙasa masu magana da harshensu. Wannan Girkar ta hunturu nake so mu zagaya tare, domin a cikinta ɗanki zai kwana ya tashi. Abu biyu ne za su yanke masa daɗin zama ko akasinsa: harshen da zai yi karatu da shi, da garin da aka zaɓa masa.

Wace ƙasa ce?

Girka tana kudu maso gabashin Turai, ta yi iyaka da Turkiyya da Bulgeriya da Albaniya da Masedoniya ta Arewa. Idan mutum ya tsaya a kudancin tsibirinta mafi girma, wato Kirit, ya fuskanci teku, Libya da Masar ne a gabansa. Mutanenta sun ɗan haura miliyan 10, ke nan jihar Kano kaɗai ta fi ta jama'a. Tana da tsibirai dubbai, amma ɗari biyu da 'yan kai ne ake zaune a kansu. Ta shiga Tarayyar Turai a 1981, kuɗinta kuma Yuro ne.

Tun a nan ki riƙe wani abu. Girka daban, Sayifurus daban. Sayifurus tsibiri ne mai gwamnatin kansa, kuma ya rabu biyu tun 1974. A kudu ana magana da Girkanci, arewacinsa kuwa Turkiyya ce kaɗai ta amince da shi a matsayin ƙasa. A wannan arewacin ne yaranmu da dama suka yi karatu, a kansa ne kuma hukumar kula da 'yan Najeriya mazauna ƙasashen waje ta ja kunnen iyaye a 2020. Idan dillali yana ta cakuɗa sunayen biyu a bakinsa, ki tsayar da shi ya faɗa miki sunan gari da sunan jami'a.

Ƙasar ba baƙuwarmu ba ce kamar yadda ake zato. Ita ce malamanmu na zaure ke kira Yunan. Bukrat da ake ambata a littattafan ɗibbu shi ne likitan nan da aka haifa a tsibirin Kos, wanda har yau sabbin likitoci ke rantsuwar da ake jingina masa. Aflatun da Aristo a birnin Atina suka karantar, daga baya aka fassara littattafansu zuwa Larabci a Bagadaza. Hatta kalmar dirhami da ta falsafa daga Girkanci suka shiga Larabci kafin su iso gare mu. A kicin ɗinki ma akwai sawunsu: wani attajirin Girka, George Coumantaros, shi ya kafa kamfanin fulawar da ke yin Golden Penny a 1960.

Atina: kufai a sama, aji a ƙasa

Daga gida yawanci sai an yada zango a Alƙahira ko Istanbul kafin a sauka Atina. Daga filin jirgi, jirgin ƙarƙashin ƙasa zai kai mutum tsakiyar birni cikin kamar minti arba'in. A wasu tashoshin za ki ga tsoffin tukwane da bututun ruwa da kaburbura a bayan gilashi, abubuwan da aka ci karo da su lokacin haƙa hanyar. Haka birnin yake, duk inda aka tona sai an taɓo tarihi.

Kusan ta kowace unguwa mutum ya ɗaga kai zai hango tsaunin Akropolis, da ginin Partenon a kansa. An gina shi tsakanin shekara ta 447 da 432 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), a matsayin ɗakin bautar gunkiyar birnin. Daga baya ya zama coci. Da Daular Usmaniyya ta ci garin sai ya zama masallaci, har da hasumiya. A 1687 sojojin Benis suka harba masa igwa alhali an tara albarushi a ciki, ya tarwatse. Abin da ya rage shi ne kangon da kike gani a hoto. Wani ɓangare na sassaƙen jikinsa yana gidan tarihi na Landan, Girkawa kuma har gobe suna neman a dawo musu da shi. A gindin tsaunin, a dandalin Monastiraki, akwai masallacin da aka gina a 1759, wanda yanzu gidan tarihi ne, ba a salla a cikinsa.

Makarantar da Aflatun ya kafa, wadda daga sunanta Turawa suka samo kalmar da suke kiran cibiyoyin ilimi, yanzu lambu ne a cikin wata unguwar talakawa. Tsofaffi na zaune a benci, yara na wasa a tsakanin duwatsun.

To ina ɗalibi yake a duk wannan? Jami'ar Atina, wadda aka kafa a 1837, tana da wani kyakkyawan gini mai ginshiƙai a tsakiyar birni, shi ake sakawa a takardun talla. A can ake bukukuwa da yaye ɗalibai. Yawancin darussa kuwa a unguwar Zografu ake yinsu, a gindin wani tsauni a gabashin birni, cikin manyan gine-ginen siminti da bangonsu ya sha rubuce-rubuce da fastocin siyasa. Makarantar likitanci tana unguwar Gudi, kusa da manyan asibitoci. Ɗalibin da ya zo da tunanin zai riƙa karatu a inuwar ginshiƙai sai ya tarar da bas cike maƙil da safe, da layi a ofishin rajista, da ma'aikaciyar da ta fi sakewa da Girkanci. Akwai malamai ƙwararru, akwai ɗakunan karatu, amma ba mai bin yaro yana tambayar ko ya shiga aji. Wanda ya saba sai an tashe shi da asuba zai sha wuya.

Ki kuma san cewa ɗaliban Girka 'yan gwagwarmaya ne. Kowace 17 ga Nuwamba ana tunawa da boren da ɗaliban kwalejin fasaha ta Atina suka yi wa mulkin soja a 1973, ana rufe tituna ana maci. Wani lokaci ɗalibai kan mamaye tsangaya su kulle ta na makonni, kamar yadda aka yi a farkon 2024 kan dokar buɗe jami'o'i masu zaman kansu, har jarrabawa ta samu tsaiko. Wanda ya gudo daga yajin aikin gida kada ya ɗauka can ba a san shi ba. Shawarar da za ki ba yaronki ita ce ya kauce wa taron zanga-zanga, domin baƙo mai takardar izinin zama ba ɗaya yake da ɗan ƙasa ba idan 'yan sanda suka yi kame.

Ƙofa biyu: Girkanci ko Turanci

Tsarin mulkin ƙasar ya tanadi cewa karatu a jami'ar gwamnati kyauta ne. Digirin farko da ake koyarwa da Girkanci ba a biyan kuɗin makaranta, har littattafan darasi ana rabawa. Baƙi daga wajen Turai suna neman gurbi ta hannun ma'aikatar ilimi ta ƙasar, a wani ɗan lokaci da take buɗewa da bazara. Amma akwai sharaɗi: ba za a yi wa yaro rajista ba sai ya kawo shaidar ya iya Girkanci a matakin da ake kira B2, wato ya iya sauraron lacca ya kuma rubuta amsa. Jami'ar Atina da ta Tasalonika duk suna da makarantar koyar da baƙi harshen. A lissafa shekara guda cur ta koyon harshe, da kuɗin haya da na abinci na wannan shekarar. Saboda haka digirin shekara huɗu ya zama biyar, injiniyanci na shekara biyar ya zama shida, likitanci na shekara shida ya zama bakwai.

Girkanci yana da baƙaƙe 24 na kansa. Yaron da ya yi allo ya kuma yi boko ya riga ya saba da rubutu iri biyu, na uku ba zai gagare shi ba, cikin mako ɗaya zai iya haɗa baƙi. Nahawun ne mai nauyi. Akwai kuma abin dariya: idan Bagirke ya ce "ne", e yake nufi. A'a kuwa "ohi" ce, sau da yawa ma ba ya furta ta, sai ya ɗaga kai sama ya ɗan yi tsaki. Kada yaro ya ɗauka raini ne.

Ƙofa ta biyu sabuwa ce. A 2020 Jami'ar Atina ta buɗe digirin farko da Turanci domin baƙi, a fannin tarihi da adabi da kayan tarihin tsohuwar Girka. Bayan nan ita da Jami'ar Aristotil ta Tasalonika suka buɗe karatun likita da Turanci, wasu jami'o'in suka bi sahu. Waɗannan na kuɗi ne. Likitanci ya haura Yuro dubu goma a shekara, har shekara shida, ban da ci da sha da haya. Digiri na biyu da Turanci suna da yawa, kuma sun fi sauƙin kuɗi da gajeren lokaci, shi ya sa suka fi dacewa da wanda ya riga ya yi digiri a gida, hankalinsa ya kwanta.

Ko da Turanci ake koyarwa, ɗalibin likita zai shiga asibiti daga baya, kuma tsohuwar da ke kwance a gado da Girkanci za ta faɗa masa inda ke mata ciwo. Mai gidan haya, da direban bas, da ma'aikacin ofishin baƙi, duk haka. Don haka ko wace ƙofa aka bi, harshen nan ba makawa. Bambancin kawai shi ne ko a koye shi kafin a fara, ko a koye shi ana cikin karatu.

Akwai kuma makarantu masu zaman kansu da ake kira kwaleji, waɗanda da yawansu shahadar wata jami'ar waje suke bayarwa, galibi ta Ingila. Wasu tsofaffi ne masu mutunci, wasu kuwa hawa biyu ne a wani bene. Tambayar da za ki yi ita ce: sunan wace jami'a za a rubuta a kan shahadar?

Tsibiri bayan baƙi sun watse

Karatu a tsibiri ba tatsuniya ba ce. Jami'ar Ejiyan, da aka kafa a 1984, a warwatse take a kan tsibirai shida. Hedikwatarta tana Lesbos, inda ake karanta kimiyyar teku da muhalli. A Kiyos ana koyar da harkar sufurin jiragen ruwa, sana'ar da Girkawa suka yi fice a kanta a duniya. Lissafi yana Samos, mahaifar Fisagoras, mutumin nan da yara ke haddace ƙa'idarsa ta kusurwa uku a sakandare. Akwai kuma rassa a Rodos da Siros da Limnos. Tsibirin Kirit yana da jami'arsa tun 1973, da makarantar likitanci a birnin Irakliyo.

Zaman tsibiri yana da daɗinsa. Gari ƙarami ne, da ƙafa ake zuwa aji, malami ya san ɗalibi da suna, mai burodi ma cikin wata guda zai gane shi. Abin da ke ɗauke hankalin yaro kaɗan ne. Amma daga Nuwamba shagunan bakin teku da yawa suna rufewa. Iska takan taso har hukuma ta hana jiragen ruwa tashi, a yi kwana ɗaya ko biyu ba shiga ba fita. Tafiya daga tashar Pireyas ta Atina zuwa Lesbos ko Kirit dare guda ce a kan ruwa, Rodos ta fi haka. Gidajen kuma domin zafi aka gina su, sanyi da laima suna ratsa bango, kuɗin ɗumama ɗaki yana cin aljihu. Yaron da ya tashi a gida mai cike da 'yan uwa, ga shi shi kaɗai a ɗaki, ƙarfe biyar da rabi duhu ya yi, ba wanda zai yi Hausa da shi. Kaɗaici ciwo ne da ba ya nunawa a hoton da zai turo miki.

Babbar matsalar kuma haya ce. Ƙasar tana karɓar baƙi sama da miliyan 30 a shekara, ninki uku na mutanenta. Mai gida a tsibiri ya san abin da zai samu a hannun baƙo cikin 'yan kwanaki ya kai hayar ɗalibi ta wata guda. Saboda haka da yawa sukan ba ɗalibi ɗaki daga Satumba zuwa Mayu ko farkon Yuni kawai. Ga shi kuma a watan Yuni ake jarrabawar zango na biyu. Ɗan ƙasa zai tattara ya koma gidan iyayensa. Naki fa? Kafin a biya ko sisi, a karanta yarjejeniyar haya, a tabbatar wata goma sha biyu ce. Ɗakunan kwanan jami'a suna nan amma ba su isa ba, kada a dogara da su sai an ga takarda.

Arewa, inda ake jin kiran salla

Yawancin Girkawa Kiristoci ne mabiya cocin Otodoks, kuma addini yana da ƙarfi a rayuwarsu. Ƙarar ƙararrawar coci ce za ta tashi yaronki ranar Lahadi. Atina ta daɗe ba ta da masallaci na hukuma tun bayan fitar Turkawa. Sai a Nuwamban 2020 aka buɗe guda a unguwar Botanikos, ba hasumiya, ba lasifika a waje, kuma 'yan ɗaruruwa yake ɗauka. Sauran Musulmin birnin, Misirawa da 'yan Pakistan da Bangaladash da 'yan Afirka, a ɗakunan da suka kama haya suke jam'i. Ɗalibin Atina zai samu Juma'a, amma sai ya neme ta, lokutan salla kuma a waya zai riƙa dubawa.

Tasalonika, birni na biyu, yana arewa a bakin teku. Jami'ar Aristotil da ke tsakiyarsa ita ce mafi girma a ƙasar, garin kuma na ɗalibai ne, da yamma duk suna bakin ruwa suna tattaki kusa da Farar Hasumiya. Rayuwa ta ɗan fi Atina kwanciyar hankali, amma sanyinsa ya fi tsanani, har dusar ƙanƙara takan sauka.

Idan aka ci gaba gabas zuwa iyakar Turkiyya, sai a shiga yankin Tiraki. Nan ne Musulmi 'yan asalin ƙasa suke, kimanin dubu ɗari, waɗanda yarjejeniyar Lozan ta 1923 ta bar su a garuruwansu lokacin da Girka da Turkiyya suka yi musayar jama'a. A garin Komotini akwai masallatai masu hasumiya, ana kiran salla a fili, akwai mufti, mata masu lulluɓi suna cin kasuwa ba mai waiwayensu. A nan ne kuma hedikwatar Jami'ar Dimokiritos take, makarantar likitancinta tana Aleksandurupoli. Ba ruwan masu talla da wannan yanki domin ba shi da fararen gidajen hoto. Amma uwar da za ta tura 'ya mace, kuma hankalinta na kan hijabi da salla da abinci, ya kamata ta san da shi. A tsibiran Rodos da Kos ma akwai tsirarun Musulmi da suka daɗe a wurin.

Me zai ci?

Abincin titi da ɗalibai suka fi saye shi ne sublaki, wato tsire, da giros, naman da ake yankowa daga sanda a naɗe a gurasa. Ki gaya wa ɗanki da babbar murya: idan bai faɗi irin naman da yake so ba, na alade za a ba shi, domin shi ne na yau da kullum. Kalmar farko da zai haddace ita ce "hirino", alade ke nan. Kaza "kotopulo" ce. Ko ita ma sau da yawa a kan wuta ɗaya ake gasa su. Mahautan halal suna nan a unguwannin Omoniya da Kipseli a Atina, a ƙananan tsibirai kuwa da wuya.

Sauran abincin kuwa zai ba ki mamaki. Suna dafa kuɓewa da tumatir da man zaitun. Suna cin wake irin namu mai baƙin ido. Miyar wake da ta adas abincin kowane gida ce. Ga kifi, ga kindirmo mai kauri, ga zuma. Cocinsu yana da dogon azumin ƙaurace wa nama da madara kafin bikin Ista, saboda haka akwai girke-girke da yawa marasa nama, ana kiransu "nistisima". Duk wanda ya riƙe wannan kalmar ya huta, sai dai ya tambaya ko an zuba giya a girkin. Kowace unguwa tana da ranar kasuwarta a mako, manoma su baje kayan lambu a titi, kuma dab da tashi farashi yake faɗuwa. Yaron da ya iya ɗora tukunya zai kashe abin da bai kai na mai cin abincin waje ba nesa ba kusa ba. Wata ukun da ke gaban tafiya, a sa shi a kicin, namiji ne ko mace.

Iyaye matan Girka kamar ku suke. Sun shahara da cika robobi da abinci su ba direban motar safa ya kai wa ɗansu a garin da yake karatu. Ke ba ki da wannan damar, kuma ki sani dokar Tarayyar Turai ta hana shiga da nama da kayan madara a jakar matafiyi. Kilishi da dambun nama da man shanu a filin jirgi za su ƙare. Kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji da daddawa su ne ba su cika jawo magana ba, a ɗaure su da kyau.

Zama da mutane

Girkawa mutane ne masu surutu da son baƙo da girmama tsofaffi. Zumunci yana da ƙarfi, kaka tana da faɗa a ji a gida. Suna da lokacin ƙailula da doka ta san da shi, daga wajen ƙarfe uku zuwa biyar da rabi na yamma ba a damun maƙwabci da hayaniya. Wani abin da ba sai an koya wa ɗan Hausa ba: ware yatsu biyar a tura wa mutum a fuska zagi ne a wurinsu, daƙuwa ce sak irin tamu.

Sai dai baƙar fata yana da nasa lissafin. Girka ƙofa ce ta shiga Turai ga masu ƙetare teku. A Yunin 2023 wani jirgi da ya taso daga Tubruk ta Libya ya nutse kusa da garin Pilos, mutum 104 kaɗai aka ceto, ɗaruruwa suka halaka. Saboda wannan yanayi 'yan sanda sukan tare baƙi su nemi takarda, kuma ba a rubuta "ɗalibi" a goshin kowa ba. Katin makaranta da takardar izinin zama kada su rabu da aljihunsa. Akwai masu ƙyamar baƙi, har wata jam'iyyarsu ta taɓa shiga majalisa, amma a Oktoban 2020 kotu ta yanke cewa ƙungiyar masu laifi ce, aka ɗaure shugabanninta.

Labarin Giannis Antetokounmpo ya haɗa fuskokin biyu. An haife shi a Atina a 1994, iyayensa 'yan Najeriya ne. Ya tashi yana talla a titi, ba shi da takardar zama ɗan kowace ƙasa sai a 2013, lokacin da ƙwallon kwando ta fara ɗaga shi. A 2024 shi ya riƙe wa Girka tuta a gasar Olamfik ta Faris. Ƙasar tana iya rungumar baƙo, amma takarda tana wahalar samu, kuma ba kowa ne Giannis ba.

Lissafin aljihu

Kada kowa ya ce miki yaro zai yi aiki ya biya wa kansa makaranta. Ƙasar ta faɗa matsalar bashi daga 2009, a 2013 fiye da rabin matasanta masu neman aiki ba su da shi, dubban ɗaruruwan masu ilimi suka fice zuwa Jamus da Ingila da sauransu. Abubuwa sun gyaru, amma mafi ƙarancin albashi bai kai Yuro dubu ɗaya a wata ba, haya kuma ta tashi. An yarda ɗalibi ya yi ɗan aiki na 'yan sa'o'i, wanda zai iya sayen abinci da katin waya. Aikin da ya fi samuwa na otal ne da gidan abinci da bazara, kuma wasunsu sun haɗa da raba giya. Katin ɗalibin jami'ar gwamnati yana rage kuɗin bas da na jirgin ruwa, akwai kuma gidan cin abinci na ɗalibai mai rahusa.

Ku da Alhaji ku zauna ku yi lissafin da Yuro, na dukan shekarun, ba na shekarar farko kaɗai ba. Kun ga yadda Naira ta yi a 'yan shekarun nan. Yara da yawa a ƙasashe daban-daban sun tsaya a tsakiyar karatu saboda kuɗin da ya isa jiya bai isa yau ba. Da a fara a kasa, gara a yi digirin farko a gida a tafi na biyu.

Bizar karatu daban take da ta ziyara, kuma a ofishin jakadancin Girka da ke Abuja ake nema. Wanda ya ce a shiga da bizar ziyara a gyara daga baya, ko ya ce Girka matakala ce kawai a tsallaka Jamus, ki rufe masa ƙofa. Takardun makaranta sai an tantance su a ma'aikatar ilimi da ta harkokin waje, a fassara su zuwa Girkanci a hukumance, abin da ke cin watanni. Ki kuma yi tunanin ranar dawowa: kafin bautar ƙasa sai ma'aikatar ilimi ta tarayya ta tantance shahadar, likita kuma sai ya ci jarrabawar hukumar likitoci ta Najeriya kafin ya taɓa majinyaci. A tambayi waɗannan hukumomin matsayin makarantar tun kafin a biya kuɗi.

Wane yaro ne zai iya?

Girka za ta karɓi yaron da yake tashi salla ba a tashe shi ba, ya iya girki, ba ya jin kunyar yin kuskure a baƙon harshe, kuma yana da fannin da ya san dalilin da ya sa a can zai karanta shi, kamar likitanci ko sufurin ruwa ko kimiyyar teku ko tarihi. Irin wannan zai dawo da ilimi da harshe, da idon da ya ga yadda wata al'umma ke adana tarihinta. Wanda kuwa Turai kawai yake so ya gani, hunturu ɗaya ya ishe shi ya fara kiran waya yana kuka. Ke kika haife shi, kin fi kowane dillali sanin wanne ne a ciki.

Idan kun yanke shawara, ku ba kanku shekara guda ta shiri. Ya fara koyon baƙaƙen a waya tun yana gida. Ku rubuta wa jami'ar da kanku ta adireshin da ke shafinta, ku nemi a haɗa ku da ɗalibin da ke can ya faɗa muku yadda watan Janairu yake a garin. Bayan ya tafi, agogonsu yana gaban namu da awa ɗaya a hunturu, awa biyu da bazara, saboda haka bayan sallar isha'i lokaci ne mai kyau na kira. Ki kira da bidiyo, ki ce ya nuna miki tukunyarsa da ɗakinsa, ki tambaye shi da wa ya yi hira yau.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba su ilimi mai amfani, Ya tsare su a duk inda suke, Ya dawo mana da su lafiya. Amin.